Wuni Guda Da Masu Fatsa A Tafkin Jabi

Wanda ya san Abuja ta tagar mota kaɗai zai rantse babu ruwa a garin sai na famfo. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, sai wata Asabar cikin watan Fabrairu, hunturu yana haramar tafiya, wani abokina ma'aikacin gwamnati ya biyo mini bayan sallar asuba muka nufi Tafkin Jabi, shi da niyyar fatsa, ni kuwa ɗan rakiya.

Tafkin nan aikin hannu ne. Bayan dokar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa sabon babban birni da ita a watan Fabrairu na 1976, an datse rafin Jabi a farkon shekarun 1980 don mazaunan farko su sami ruwan sha. Da aka gama babbar madatsar Usuma kusa da Ushafa, a yankin Bwari, sai nauyin ya koma can, aka bar Jabi ga masu shan iska da masu kwalekwale da kifi. Gwamnati ta taso daga Ikko ranar 12 ga Disamba, 1991, gari ya yi ta cika har ya kewaye tafkin, a 2015 kuma aka buɗe wani katafaren rukunin kantuna a bakinsa. Duk da haka, in mutum ya yi sammako ya bi gaɓar da babu gini, zai tarad da masunta suna duba abin da suka kafa tun daren jiya, kamar a bakin Kwara.

Muka sami gindin wata bishiya muka zauna. Abokina ya fito da kayansa: sandar fatsa ta Turawa mai ɗan injin naɗe zare, da akwatin ƙugiyoyi, da tanar da zai yi koto da ita, sa'an nan da wani ɗan ƙaramin faifan zare da yake ta lallaɓawa kamar ƙwai. Ya ce sunansa fulorokabon, kuɗinsa ya ninka na zaren nailan sau da yawa, kifi kuma ba ya ganinsa cikin ruwa. Na ce to, yau ma ga ƙarshen karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma.

Ba a jima ba sandar ta lanƙwasa. Ya miƙe, ya ja, abin ya ja, ruwa ya yi tambal, muka hangi baƙin bayan wata tarwaɗa wadda ta kai tsawon hannu. Can sai sandar ta miƙe sak. Ya naɗo zarensa ba kifi, ba ƙugiya. Ya shiga faɗa, wai an cuce shi an sayar masa da jabu.

Ashe wani dattijo da ke gyaran mamarinsa kusa da mu yana kallo. Ya taso muka gaisa. Mutumin ƙasar Yawuri ne, ya ce yana yaro aka gama madatsar Kainji a 1968, a ruwan nan ya koyi su wurin mahaifinsa, neman abinci ya kawo shi Abuja. Ya karɓi bakin zaren ya ɗaga shi sama wajen haske, ya ce, "Alhaji, zarenka bai tsinke ba. Ƙullinka ne ya warware. Dubi yadda bakin ya nannaɗe kamar jelar hawainiya." Ya ƙara da cewa in dutse ko kututture ne ya ci zare, za a ji kaushi in an shafa, in haƙori ne, za a ga yanka sumul, in kuwa aka ga murɗe irin wannan, to, kada a zagi mai kanti. Abokina ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, to, a koya mini."

Kafin in faɗi abin da ya koya masa, ya kamata mai karatu ya san bambancin zaruruwan nan biyu. Nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙago a 1935, shi ya kori zaren auduga da na rama daga hannun masuntanmu. Yana da laushi, yana miƙewa, yana shan ruwa kaɗan, ƙulli kuma yana kama shi da sauƙi. Fulorokabon kuwa kamfanin Kureha na Japan ne ya fara fito da shi don kamun kifi a 1971, da sunan Seaguar. Masana suna auna yadda abu ke karya haske: ruwa 1.33, fulorokabon kamar 1.42, nailan ya haura 1.5. Watau shi ya fi kusa da ruwa, shi ya sa ya fi wuyar gani, ko da yake cewa ba a ganinsa sam zuƙi ta malle ce irin ta 'yan talla. Ya fi nailan nauyi da fiye da rabi, saboda haka yana nutsewa da sauri. Ba ya shan ruwa, rana ba ta cinye shi, ya kuma fi jure gogayya. Amma duk waɗannan kyawawan halaye su ne aibinsa wajen ƙulli, gama yana da tauri da santsi, in kuma aka ja shi a bushe zafin gogayya yakan raunana shi tun bai shiga ruwa ba.

Don tsadarsa da taurinsa, masu hankali ba su cika injin da shi. Sukan bar uwar zaren ta zama nailan ko zaren kitso, su ɗaura ɗan guntun fulorokabon kamu biyu ko uku a ƙarshe, wanda zan kira zaren gaba. Shi kifi ke gani, shi ke gogar dutse, shi ke shiga baki. Ƙulli biyu ke nan ke riƙe da rabon mutum: na ƙugiya, da na haɗa zare da zare.

Dattijon ya fara da na ƙugiya, irin wanda ya yi wa dubban ƙugiyoyin mamari. Ya zura zaren ta idon ƙugiya, ya kwantar da shi a jikin ƙarfen, ya yi da'ira, ya naɗe ƙarfen da zaren tare sau bakwai, naɗi kusa da naɗi kamar mai naɗa rawani, ba wanda ya hau ɗan'uwansa. Sa'an nan ya sa a baki ya jiƙa da yawu, ya ja a hankali har ya zauna daram. Ya ce amfanin wannan, ƙarfen ne ke ɗaukar nauyi, zaren bai karye a wuri guda ba. Abokina ya nuna masa wanda ya gani a littafi, wanda Turawa ke kira Faloma: a ninka zare, a zura ninkin ta ido, a yi ƙulli sako-sako, a ratsa ƙugiyar ta cikin madaukin, a ja. Tsohon ya gwada sau biyu, ya ce ƙulli ne mai kyau, amma in zaruruwan biyu suka gicciye juna a idon ƙugiya, ɗaya zai yanke ɗaya. Abin mamaki, wannan shi ne ainihin gargaɗin da masu fatsa na ƙasashen waje ke yi game da ƙullin nan a kan fulorokabon, shi kuwa yatsunsa suka gaya masa.

Wajen haɗa zare da zare aka ɗan sha gardama. In kaurinsu ya yi kusa, kowane ya naɗe ɗan'uwansa sau biyar ko shida a ja ƙullayen biyu su haɗu, ya wadatar. In ɗaya ya fi kauri nesa, sai a lanƙwasa mai kaurin, a zura siririn ta ciki, a naɗe kamar sau goma, a fito da shi ta inda ya shiga. Wannan shi ake kira da sunan Jimmy Albright, wani jagoran masu fatsa na Fulorida. Tsohon dai ya ce shi a ba shi ɗan ƙarfen nan mai juyawa a tsakani, ya ɗaura kowane zare a kunne guda, gama tarwaɗa in ta ji ƙugiya birgima take yi, ta murɗe zare. Ya kuma ce a sa zaren gaba ya ɗan fi uwar zaren rauni, don in ƙugiya ta maƙale a dutse a yi asarar kamu biyu, ba gaba ashirin ba.

Na tambaye shi ko zai sauya zaren mamarinsa. Ya yi dariya. Ya ce mai ƙugiya ɗari biyu a igiya guda, wanda ke ciyad da gida da abin da ya ɗago da safe, ina shi ina zaren Japan? Ban da haka, tarwaɗa da dare take kiwo, da gashin bakinta take laluben abinci, ba ruwanta da ganin zare. Da damina kuwa tafkin ya yi jawur, ko igiyar guga ka jefa ba mai gani. Inda ya yarda zaren yana da rana shi ne da rani, ruwa ya kwanta ya yi garau, ga ƙarfasa mai wayo, ko kuma wuri mai duwatsu. Ya ce tsage na Kainji kuwa, mai haƙora kamar ƙusa, ba shi da magani sai waya. A ganina ya fi takardar da ke jikin faifan gaskiya.

Akwai wani abu da ban so in tsallake. Zaren da rana ba ta ci, ruwa ba ya ruɓarwa, in an yar da shi yana nan. A ɗan wurin da muka zauna na tsinci ƙudundunannen zare har uku cikin ciyawa, ɗaya da gashin tsuntsu a jiki. Nailan ma yakan daɗe ƙwarai, balle wannan. Tsohon na lura duk guntun da ya datse aljihu yake sakawa, ya ce ya sha kwance balbela daga irin wannan tarko.

Rana ta take tsaka, abokina yana da ƙarfasa huɗu da 'yar tarwaɗa guda, ba ƙullin da ya sake warwarewa, sai dai yatsansa da zare ya tsaga. Da za mu tashi ya ciro kuɗi, dattijon ya ƙi karɓa, ya ce a dai yanko masa kamu goma na zaren, zai ɗaura wa ƙugiyoyi biyar na ƙarshen mamari, wajen duwatsu, ya ga abin da zai faru kafin ruwan farko. Aka yanka masa, ya naɗe a guntun kara ya soke a hula. Mu kuma muka biya ta kasuwar kifi ta Kado muka ƙaro na miya, don abin da muka kamo ba zai ishi gida biyu ba.