Walki da Digiri a Bakin Iyakar Illela

Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar kilomita 80 ce da 'yan kai, a kan titin da ya bi ta Kware da Gwadabawa ya miƙe arewa har ya ci karo da shingen kwastan. Da hunturu ƙasar fayau take. An gama girbi, rumbuna sun cika, in ka ɗebe fadamun da albasa ta yi kore shar a cikinsu, babu abin da ido zai sauka a kai sai geza da aduwa da jan rairayi. Ranar Lahadi kuwa, tun ba ka hango garin ba kasuwarsa za ta tarye ka a hanya: amalanke, babura, motocin a-kori-kura da aka danƙara wa buhuna, da garken tumaki da ake korawa gefen kwalta.

Kara ita ce zuciyar kasuwar. Raƙuma na durƙushe suna tuƙa, ragunan Balami farare tas kusa da na Uda masu rabi baƙi rabi fari, Buzaye cikin rawani, Fulani da sanda a kafaɗa, dillalai na kai da komo suna neman la'ada. A bakin tasha 'yan canji na zaune da damman naira da na sefa, kowane dami an ɗaure shi da kyauro, lissafin kuma a ka ake yin sa kafin ka gama faɗin abin da kake so. Da yamma manyan motoci za su ɗauki dabbobin su nufi Kudu.

Birnin Ƙonni na ƙasar Nijar na can gaba kaɗan, ɗan kabu-kabu zai kai ka cikin 'yan mintoci. Layin da ya raba garuruwan biyu Turawan Ingila da na Faransa suka shata shi a yarjejeniyoyinsu na tsakanin 1898 da 1906, ba tare da sun tambayi kowa a nan ba. Mutanen Illela sun san nauyinsa. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Aka sake garƙame ta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, har zuwa Maris na 2024. Duk wanda ka taɓa da zancen zai ba ka labarin motocin da suka yi layi kayansu na lalacewa, da bikin 'yan uwa da aka je ta bayan gari a ɓoye.

Amma abin da ya tsayar da ni a garin bayan an watse kasuwa shi ne kiɗan da na jiyo daga wani fili bayan la'asar. Kokawa ake yi. Jama'a sun yi da'ira, yara a gaba zaune a ƙasa, makaɗa a gefe guda. Wani saurayi baƙi, gajere, mai kaurin wuya, ya fito da walki da guru a ƙugu da kambu a damtse, ya tsaya tsakiyar fage ya ɗaga hannu yana kirari har jijiyar wuyansa ta tashi. Abokin karawarsa ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Suka duƙa, kowa ya ɗebi rairayi ya murza a tafi, suka fara lalubar juna, wannan ya kai hannu wancan ya kaɗe. Sun jima a haka, kai da kai, ana jin numfashinsu. Sai gajeren ya nutse ƙasa ya cafki ƙafa ɗaya, ya sa kafaɗa ya tura, dogon ya tafi da baya ƙura ta tashi. Kafin ihu ya lafa har ya miƙa masa hannu ya tashe shi ya kakkaɓe masa baya. Kuɗin da aka liƙa masa a goshi, naira ce haɗe da sefa.

Na tambayi dattijon da ke kusa da ni, wanda ƙirarsa ta nuna shi ma ya taɓa shiga fage: "Baba, wannan yaron na ina ne?"

"Na ƙetare na, Malam," in ji shi, "amma uwatai 'yar nan ta. In yay yi kaye namu na, in anka kada shi ma namu na."

A ƙetaren, kokawa sarauta ce. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, Nijar ta fara gasar Takobi a Tawa, babban birnin jihar da Ƙonni ke ciki, kuma Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Jihohi 8 kowace ta kawo 'yan kokawa 10, a yi ta kaye har a bar mutum ɗaya tsaye, a naɗa masa rawani a ba shi takobi da doki da kuɗi, ƙasa duka na kallo a talabijin. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso kuma sunan Salma Ɗan Rani. Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023, kuma a shagunan shayin Illela ana gardama a kansa da zafin da ake yi a kan ƙungiyoyin ƙwallon Turai. A gefenmu na Najeriya akwai kokawa da dambe da langa a gasar wasanni ta ƙasa, ana kuma yin kokawa da dambe a bikin Argungu, sai dai ba mu kai wasan inda maƙwabtanmu suka kai shi ba.

Na duba da'irar nan da kyau. Akwai samari masu wayar hannu suna ɗaukar hoto, waɗanda daga shigarsu ka san ɗalibai ne da suka zo hutu. Babu ko ɗaya da ya tuɓe riga. Dattijon ya ce jikansa ya fi yaron nan ƙarfi, amma tun da ya shiga sakandare ubansa ya hana, wai kokawa ta manomi ce, dambe na mahauta, ɗan makaranta ba ya birgima cikin ƙasa. Wannan hukunci ba a gidansu kaɗai ake yanke shi ba. A ƙasar Hausa mun daɗe da raba hanya biyu, ta walki da ta takarda, muka ce wa yaro ya zaɓi ɗaya. Abin yana yi mini ciwo, domin duk hanyar da ya zaɓa akwai rabin baiwarsa da aka binne.

Ba wai hanyar takardar ba ta haifi manya ba. Jami'ar Sakkwato, wadda aka mayar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, an kafa ta a 1975, shekara ɗaya da gasar Takobi. Cikin waɗanda ta yaye akwai Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya karanta shari'a, ya zama kakakin majalisar wakilai daga 2011 zuwa 2015, sannan gwamnan Sakkwato shekara 8. Akwai Atiku Bagudu da ya mulki Kabi, da Mahmood Yakubu da ya karanta tarihi ya shugabanci hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2015 zuwa 2025. A ƙetare ma, Mahamadou Issoufou, injiniyan ma'adinai da ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021, ɗan Dandaji ne a gundumar wata Illelar ta jihar Tawa, takwarar wannan tamu. Idan jami'a ta tashi alfahari da 'ya'yanta, irin waɗannan sunaye take jerowa, kuma ta yi daidai. Sunan wanda ya yi kaye ne ba a saba ji cikin jerin ba.

Akwai ƙasar da ta ƙi yarda da wannan rabuwa, kuma ita ma Turawan Ingila sun bar mata iyaka a tsakiyar gida. Tsibirin Ailan an raba shi biyu a 1921, gundumomi 6 na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya, 26 suka zama ƙasa mai cin gashin kanta. Tun kafin nan, a 1884, mutanen suka kafa ƙungiyar GAA don raya wasanninsu na gargajiya da wasannin Ingila ke neman shafewa, musamman hurling, wasan sanda mai faɗin kai da 'yar ƙaramar ƙwallo, da irin ƙwallon ƙafarsu da ake haɗawa da hannu. Wasannin ƙauye ne, na manoma, kuma har yau ba a biyan 'yan wasan albashi. Amma jami'o'insu ba su ji kunyarsu ba: tun 1911 suke gasar kofin Sigerson a tsakaninsu, tun 1912 kuma kofin Fitzgibbon. Gasar ƙasa kuwa ta tsibirin ce baki ɗaya, arewa da kudu, a gama a filin Croke Park na Dublin mai cin mutum sama da 80,000.

Daga cikin wannan tsari Jack Lynch ya fito. Ɗan Cork ne, ya ci kofin ƙasa shekara 6 a jere daga 1941 zuwa 1946, sau 5 a wasan sanda, sau 1 a ƙwallon ƙafa, a daidai lokacin yana aikin gwamnati, ya kuma fara karatun shari'a a jami'ar garinsu. Ya zama lauya a 1945, ya shiga majalisa a 1948, ya zama firaminista daga 1966 zuwa 1973, ya sake dawowa daga 1977 zuwa 1979. Masu zaɓensa sun riga sun san shi a fili, sun ga yadda yake idan an buge shi da yadda yake idan ya yi nasara. Kusa-kusan nan kuma, Israel Olatunde, ɗan iyaye 'yan Najeriya, yana ɗalibin ilimin kwamfuta a jami'ar UCD ta Dublin ya kafa tarihin ƙasar a tseren mita 100 a 2022, cikin daƙiƙa 10.17. Ba a ce masa ya ajiye ɗaya don ɗaya ba.

Abin da ake koya a fagen Illela kuwa ba ƙarami ba ne ga mai neman shugabanci: ka fito gaban jama'a kai kaɗai, ka yarda da hukuncin alƙalin wasa, ka faɗi a gaban mahaifinka ka tashi ka sake dawowa wani mako, ka kada mutum ka tashe shi da hannunka. Nijar ta riga ta ga inda jikin 'ya'yanta zai iya kai ta, daga tagullar da Issaka Daboré ya ciyo a damben zamani a gasar Olympics ta Munich a 1972 zuwa azurfar Abdoul Razak Alfaga a taekwondo a Rio a 2016. Tsakanin yaran da ke zaune a gaban da'irar nan akwai irinsu, da yawansu kuma suna zuwa makaranta da safe.

Tawa na da jami'a tun 2010, Sakkwato na da ta tarayya da ta jiha, Illela da Ƙonni kuma suna tsakiyar hanyar da ta haɗa biranen biyu. Ina so in ga ranar da ɗaliban ɓangarorin biyu za su haɗu a nan bayan girbi, bana a Illela, baɗi a Ƙonni, kowa da katin makaranta da walkinsa, tsofaffin 'yan kokawa irin dattijon nan su zama masu horarwa, a riƙa biyansu. Kayan aikin duk akwai su a garin, rairayi da buhunan kewaye fage da makaɗa. Abin da zai ɗauki lokaci shi ne sa hannun shugabannin jami'o'in, da takardar izinin tsallakawa daga jami'an shige da fice na ƙasashen biyu, musamman yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS tun Janairu na 2025.