Dogon Dutsi da kogin da ba a gani

Matafiyin da ya taso daga Yamai, ya wuce Dosso da Kore Mairuwa, abin da ke fara yi masa maraba a ƙasar Arewa shi ne duwatsu. Jajaye ne, kawunansu a shimfiɗe kamar an sare su da gangan, kuma daga gare su garin Dogon Dutsi ya samu suna. Wanda ya daure ya hau zai ga gari kwance a ƙarƙashinsa, da Tapkin Saw a gefe, da kwarin Dallol Mawri da ya miƙa kudu ta Tibiri har ƙasar Gaya. Kogi ne kawai ba zai gani ba. Dallol ɗin kansa tsohon kogi ne da ya ƙafe tun shekaru dubbai, ruwansa ya koma ƙarƙashin ƙasa, inda masu garake ke jawo shi su shayar da albasa da dankalin turawa.

Amma da almuru, in fitilu sun kama a kasuwa da gidajen ma'aikata, wani kogin ne ke aiki daga nesa. Tun 1976 layin lantarki ya taso daga Birnin Kebbi, ya ƙetare Dallol Mawri, ya bi ta Dosso zuwa Yamai, kuma a kansa NIGELEC ta daɗe tana dogara wajen haskaka yammacin ƙasa. Yau wutar Nijeriya gauraye take, da ta ruwa da ta iskar gas, sai dai tushen cinikin shi ne madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968 bisa kogin Isa, wanda a can ake kira Kwara.

Takardar kuɗin wuta da ke zuwa ƙarshen wata ba ta faɗin abin da aka biya a Kainji. Tabkin da ya taru bayan madatsar ya kai tsawon kusan kilomita 130, ya tashi mutane fiye da dubu 40. Tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya nutse ɗungurungum da fadarsa da kushewun sarakunansa. Aka gina wa mutanensa Sabuwar Bussa. Gungawa na ƙasar Yawuri, waɗanda sunansu ma daga gungun kogi ya fito, sun yi suna da noman albasa a tsibirai da bakin ruwa. Aka kwashe su zuwa tudu, cikin gidajen siminti da wani magini Bature ya zana, suka shiga koyon noman ƙasar da ba su saba da ita ba. A ƙasa da madatsar kuwa, ambaliyar da ke kawo wa fadamu laka duk shekara ta ragu, manoman shinkafa da masunta na ƙasar Nupe suka ji a jikinsu. Duk wannan ya auku a wuraren da yawancin masu kunna fanka a Dutsi ba su taɓa takawa ba.

Ba'are bai kamata a yi masa dogon bayani a kan irin wannan hasara ba. Ya san Lugu, garin Sarauniya, inda aka tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ya san Bagaji, ya san dutsen Tunguma. Da wani zai zo da awo da takarda ya ce a tashi daga Lugu, ga gida sabo da rijiya a wani wuri, nawa ne kuɗin diyyar? Gida ana ginawa, gona ana sake sharewa, amma wurin da kakanni suka zauna suka ƙulla alkawari da ƙasa ba ya shiga mota.

Ita wutar aro kuma tana da nata sharaɗi, kuma an gan shi a fili. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Nijeriya ta yanke layin a farkon Agusta, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga can take zuwa. Masu sayar da ƙanƙara, da masu walda, da teloli, da ma'aikatan gidajen likita sun ƙidaya watannin da kansu, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta.

Shi ya sa duk wanda ya sha duhun nan yake ɗaga kai wajen Kandaji, a jihar Tillaberi. Shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin farko a watan Agustan 2008. Kamfanin Rasha da aka fara bai wa aikin ya kasa, aka karɓe a 2013. Na Sin, Gezhouba, ya kama a 2019, ya dakata a Agustan 2023, kuma har yanzu madatsar ba ta ba da wuta ba. Alkawarinta ba ƙarami ba ne: megawat 130, da noman rani a eka dubu 45 na awon hekta, da ruwan da zai hana kogi tsayawa a Yamai kamar yadda ya tsaya a 1985. Babu mai hankalin da zai raina wannan.

Sai dai a wannan karo waɗanda za su biya ba baƙi ba ne, ƴan ƙasa ne. An riga an tashi mutane sama da dubu 5 a zagayen farko, zagaye na biyu zai shafi dubbai masu yawa fiye da haka. Burgun da shanu ke ci da rani, da wuraren da dorina da ayu ke kiwo, duk za su sāke. Garin Ayoru ma, da kasuwarsa ta Lahadi wadda fataken dabbobi na Arewa suka sani, yana cikin wuraren da aka auna ruwa zai rufe.