Ciwon ƙirjin da muka ɗauka na ciki ne

Ƴan'uwa Mata Masu Dubara na Magaria da Dungas. Wannan karon ba zancen zubi ya kawo mu ba. Labarin wata uwa muke so mu ba ku, wadda muke kira Inna, ita ke riƙe da ɗaya daga cikin makullan akwatinmu.

Ranar taro ce, muna ƙirga kuɗi a kan tabarma, sai Inna ta dafe ƙirji ta ce: "Wayyo ƴaƴana, kamar ana yaga ni daga gaba har gadon baya." Gumi ya karyo mata nan take. Wata ta ce gyambon ciki ne, wata ta ce iska ce. Muka jiƙa kanwa muka ba ta, muka shafa mata mai, muka kwantar da ita. Tun hantsi ba mu kai ta likita ba sai bayan la'asar. Wannan jinkirin namu ne, ba mu ɗora wa kowa.

Majo ya auna tansiyonta a hannun dama ya samu 19, a hagu 15. Ya taɓa jijiyar wuyan hannu, ɗaya na bugawa da ƙarfi, ɗaya da ƙyar. Sai ya ce yana zargin babbar jijiyar jini ce ta tsage, wadda likitoci ke kira awot. Ya yi mana bayani cewa ita ce ke fitowa daga zuciya ta raba jini ga jiki duka, kuma bangonta ninki uku ne. Idan hawan jini ya daɗe yana dukanta, ninkin ciki na iya darewa, jini ya kutsa tsakani. Shi ya sa ciwon ke zuwa farat ɗaya, hannu biyu kuma su saɓa.

Ya ce gwajin zuciya na waya na iya fitowa lafiya ƙalau alhali jijiyar ta tsage. Hoton sikana ne ke tabbatarwa. Ya hana a ba ta asfirin, domin yana tsinka jini. Ya rubuta takardar zuwa Damagaram, muka buɗe asusun taimako muka biya man mota. Allah bai nufa ta kai ba, a hanya ta cika. Allah Ya jiƙanta da rahama. Daga baya ɗiyarta ta faɗa mana ta bar shan maganin hawan jini tun bara, wai ta ji sauƙi.

Ga abin da muka yanke. Mun sayi abin awon tansiyo da kuɗin ƙungiya, kowane wata muna aunawa kafin zubi. Wadda ta kai 14 bisa 9 ko sama, sai ta je likita, musamman mai ciki. Mai shan magani ba ta barinsa sai da izinin ma'aikacin lafiya. Kuma mun ware kuɗin mota da ba a ba da su bashi.

Ƴan'uwa, ba kowane ciwon ƙirji ne wannan ba, amma wanda ya zo kwatsam da tsanani, ya ratsa baya, da gumi ko suma, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa. A kira shi a waya, ana tafe. Ku tattauna wannan a taronku na gaba.