Kafin ka sayi talabijin, fara tambayar wutarka

Ƴan uwana na Dogon Kiriya da sauran ƙasar Arewa, idan kaka ta yi, aka sayar da wake, gidaje da dama kan shigo da sabuwar talabijin. Ina son mu yi magana a kan wannan sayayya, domin kuɗin guminmu ne, kuma sau da yawa abin da aka rubuta a jikin kwali shi ke ruɗin mu.

Mu fara da haruffan nan da mai shago ke nanatawa. Hoton talabijin ƙananan ɗige-ɗige ne suka haɗu. Wadda ake kira HD tana da layi 720 ko 768 daga sama zuwa ƙasa, Full HD tana da 1080, ita kuwa 4K tana da 2160. Yawan ɗigo shi ne tsabtar hoto, amma da sharaɗi: sai in abin da ke shigowa cikinta mai tsabta ne. Idan tashar da kake kamawa tsohon hoto take turowa, ko dikodarka da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, ka haɗa ta, 4K ba za ta ƙara maka komai ba, illa ma ta faɗaɗa dushin hoton. Wayar HDMI ce ke ɗaukar hoto mai tsabta. A ɗakin da ake zama taku uku ko huɗu daga allo, inci 32 mai HD ta wadatar, ido ba ya rabe ta da Full HD sai da ƙyar. Shi incin kuma daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, inci 32 kusan santimita 81 ke nan, don haka ka tafi da abin awo.

Babbar magana a wurinmu ita ce wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Birane ma sun sha duhu, ƙauyukanmu kuwa da dama da sola suke rayuwa. Talabijin mai inci 32 tana cin wat 30 zuwa 50. Mu ɗauki 40: kallon awa 5 ya cinye 200. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da kamar 1200, amma rabi kaɗai ya kamata a zuƙa in ana son ya yi ƙarko. Ka ga akwai sauran na fitila da cajin waya. Mai inci 55 kuwa tana iya cin ninkin haka ko fiye, ta zuƙe batir da wuri. Daidai ruwa daidai tsaki. Mai sola ya nemi wadda ke aiki da bolt 12 kai tsaye, ba sai ta bi ta inbata ba, domin ita ma inbata tana cin nata rabon. Mai wutar NIGELEC ko janareta ya haɗa da na'urar daidaita wuta, kuma da damina a zare waya da eriya idan hadari ya taso.

Sai abin da za ka kalla. Idan burinka Télé Sahel ce, ka ga kokawar takobi, ka ga Issaka Issaka na Dosso a fili, da Arewa24 da tashoshin wa'azi da ƙwallo, duba bayan akwatin. DVB-T2 na eriya ne, DVB-S2 na tauraron ɗan Adam ne, kuma mu da muke nesa da manyan garuruwa na biyun ya fi yi mana amfani. Ka tabbata akwai ramin USB don fina-finan da ake turawa. Wadda ake kira smart kuwa intanet take so, kuma awa ɗaya na hoto mai tsabta yana iya lashe giga ɗaya zuwa uku. Wanda sabis ke wahalar da shi ko wajen tura saƙon murya, me zai kai shi biyan kuɗin wannan?

A Dogon Dutsi ka saya ko a Konni ko a Yamai, kada ka biya sai an kunna a gabanka. A sa hoto fari fat, sannan baƙi, ka duba ko akwai tabo ko layi. Ka saurari sautin. Ka gwada lambar da ke jikin kwali da wadda ke bayan akwatin, domin akwai masu manna sunan Samsung ko LG a kan kayan da ba nasu ba. Ka karɓi rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce, ka kuma tambayi mai gyara na kusa da kai wace iri ce ake samun kayan gyaranta. A gida a lulluɓe ta saboda ƙurar hunturu, amma a yaye idan an kunna, kada zafi ya dafa ta.

Mai gidan kallo yana da hujjar sayen babba, sana'arsa ce. Magidanci kuwa, inci 24 ko 32 mai ƙarancin cin wuta ta ishe shi, ragowar kuɗin ya ƙara batir mai kyau ko ya ajiye na takin damina. Don Allah ku tura wa ƴan uwanmu da ke Legas da Kwatano da Abijan kafin su ɗauko kaya. Allah Ya sa albarka a abin da muka samu.