Abincin rana a San Kiristobal, garin kan tsaunukan Meksiko

Ƴan uwa mata, San Kiristobal gari ne a jihar Ciyapas, kudancin ƙasar Meksiko, bisa tsaunuka sama da mita 2,000. Mu uku muka je can ziyarar wasu ƙungiyoyin mata. Sanyin safiya kamar tsakiyar hunturu, sai da muka lulluɓa da zane biyu-biyu.

Can babban abinci na rana ne, daga ƙarfe 2 zuwa 4. Kusa da kasuwa muka shiga wani ɗan gidan abinci, irin wanda suke kira fonda. Tebur biyar ne kawai, uwa tana murhu, ɗiyarta tana rabo. Ba a tambayar ki me za ki ci sai abu ɗaya: kaza ko nama? Kuɗi ɗaya ne ga kowa. Miya mai zafi ta fara zuwa, sai shinkafa, sai kaza da baƙin wake. Tun kafin mu zauna muka tambaya ko da kitsen alade a waken, domin da yawa da shi suke soyawa. Uwar ta ɗauko kwalbar man ta nuna muna, hankalinmu ya kwanta.

Da abin sha ya iso muka kalli juna muka yi dariya: zoɓo ne, ja wur, su suna ce masa hamaika. Har ruwan tsamiya akwai.

Abin da ya fi tsaya muna a rai shi ne masara. Suna dafa ta da kal, wato garin farin dutsen da aka ƙona, ta kwana a ruwan, a wanke, a niƙa, a gasa faifai-faifai bisa kasko mai faɗi. Wannan dahuwa tana cire dusa, tana kuma fito da wani sinadarin gina jiki wanda ciki ba ya samu daga masarar da aka daka haka nan. Wainar da ta kwana ba a zubar da ita. Da safe a yanka ta, a soya, a zuba miyar tattasai, ta zama kalaci na saidawa.

Muka tambayi uwar inda ta samu jari. Ta ce tanda. Muka ce tanda ta toya masa? Ashe sunan adashensu ke nan. Kwasa biyu ta yi, ta farko ta sayi tukwane, ta biyu tebura.

Mu da ke saida abinci a tasha da bakin kasuwa, sau nawa muke ɗora tukunya biyar don kada mai saye ya wuce, dare ya yi biyu sun yi kwantai, ga biyan bashin asusu yana jiran mu ran taro? Wannan baiwar Allah tun da safe ta san kwano nawa za ta fitar da abin da za ta kashe a cefane. A taron mako mai zuwa, kowace mai sana'ar abinci ta zo da lissafin abin da ya kwana mata cikin kwana bakwai, mu duba tare.