Steam Deck ko netbuk? Kuɗin na abu ɗaya ne

1/ Jama'a, kuɗin da na tara na'ura ɗaya tak za su saya. Ga furojek na tafe, ga ni mayen gem.

2/ Steam Deck ta fito a 2022, nauyinta giram 669, allonta inci 7. Wajen gem kam, babu netbuk ɗin da zai kama ƙafarta. Amma gem mai nauyi, kamar awa biyu batir ya ƙare. A hostal ɗinmu da wuta sai ta ga dama, wannan ba wasa ba ne.

3/ Abin da ya fi ba ni haushi: FC 24 ba ya tashi a SteamOS saboda manhajar hana maguɗi ta EA. Sai ka ɗora mata Windows. Ni kuwa ƙwallo nake bugawa!

4/ Netbuk, irin Eee PC da Asus ta fitar a 2007, yana da kibod, yana shiga jaka. Amma yawancinsu Atom ne a ciki, sai tsofaffin gem.

5/ Babi biyar da babban yatsa? Haba. Ƙaramar laftof ta hannu zan saya, Deck ta jira alawus ɗin NYSC.