Bindigar fari

Ran 25 ga watan Satumba na shekarar 2000, jama'ar Agadas sun taru sun ga yadda aka cinna wa tarin makamai wuta, a bikin nan na Wutar Zaman Lafiya, shekaru biyar bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 wadda ta kawo ƙarshen tawayen farko. Cikin taron akwai wani malamin lakwal, mutumin kudu, wanda aiki ya kawo Abzin. Ya yi tafi tare da masu tafi, ya koma gida da farin ciki. Amma shekara ba ta kewayo ba sai ga shi yana cigiyar inda zai sayi bindiga.

Ba faɗa yake nema ba. Kakansa maharbi ne mai bindigar toka, kuma tun yana yaro ƙanshin albarushi da na naman zabon daji suka zauna masa a rai. Da ya faɗa wa mai ɗakinsa, sai ta ce: «Maigida, a garin nan bindiga ba ta shiga gida ita kaɗai, da magana take shigowa.» Ya san gaskiya ta faɗa, domin haka ya ƙudura cewa in zai riƙe makami, to sai wanda zai iya nuna wa jandarma da rana tsaka.

Shawara ba ta yi masa wuya ba, yawa ma ta yi. Wani ya raɗa masa cewa akwai Kalashnikov da ba ta ga wutar bikin ba, kuma da araha. Wannan bai ko tsaya saurare ba, don makamin yaƙi ne, riƙe shi kuwa hanyar gidan kaso ce. Wani abokin aiki ya yaba masa ƙaramar karabin mai lamba 22: ba ta da nauyi, ba ta tokarin kafaɗa, harsashinta ba tsada. Wani ɗan kasuwa kuma ya ce mutum mai albashi bai kamata a gan shi da abin da bai kai mai baki biyu ba. Da kansa ya ɗaure, sai aka kwatanta masa gidan wani tsoho a tsohon gari, kusa da babban masallaci, wanda ya yi farauta da ƙuruciya, daga baya ya shekara da yawa yana yi wa ma'aikatan gandun daji ja-gora.

Bayan gaisuwa da kofin shayi na fari, malamin ya ce: «Baba, wace lamba ta fi kyau ga mai koyo?» Tsoho ya ce: «Mushe, ka fara daga wutsiya. Ba a tambayar lamba sai an san abin da za a harba. Mi kake so ka harba?» Malam ya ce barewa, ko ragon dutse in Allah ya sa. Tsoho ya yi shiru har shayi na biyu ya nuna.

Sannan ya shiga lissafa masa abin da idonsa ya gani. Ya ga mariri garke garke a bakin Tenere. A shekarar 2000 masana suka bayyana cewa babu sauran ko ɗaya a daji a duniya duka. Ya ga jiminu suna kiwo a kwaruruwan Abzin. Shekarun tawaye suka kusan share su, domin bindigar da ke zubo harsashi talatin ba ta bar wa garke mai gudu. Gwamnati ta keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988, fili mai faɗin hekta fiye da miliyon 7, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka kuma ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Dokar farauta ta ran 29 ga Afrilu 1998 ta wajabta takardar izini, ta hana harbi daga cikin mota, ta hana haska dabba da fitila da dare, ta kuma jera dabbobin da ba a taɓawa ko kaɗan, irin su jimina da raƙumin dawa. «To ka gani, ɗana,» in ji tsohon, «abin da ya dace da kai zomo ne da zabo da kurciya, su ma a bayan iyakar gandu, kuma a lokacin da hukuma ta buɗe. Yanzu sai mu yi zancen lamba.»

Ga abin da malamin ya koya a zaman nan, wanda zai amfani duk mai irin niyyarsa. Lambar bindigar farauta ba awon mita ba ce. Idan aka raba laba ɗaya ta dalma, wato kimanin giram 454, zuwa dunƙule 12 daidai wa daida, to faɗin dunƙule ɗaya shi ne faɗin bakin bindiga mai lamba 12, milimita 18 da rabi ke nan. Sabili da haka lamba 16 da lamba 20 sun fi 12 ƙanƙanta, ko da yake adadinsu ya fi yawa. Haka ma ƙwayoyin dalmar da ke cikin kartushi: lamba 4 ta fi lamba 6 kauri. Kartushi mai lamba 6 yana ɗauke da ƙwayoyi fiye da 200, suna bazuwa kamar an watsa gero, amma bayan mita 35 zuwa 40 ƙarfinsu na kisa ya ƙare. Ita kuwa karabin 22, ƙwaya ɗaya take fitarwa mai faɗin milimita 5 da rabi da ɗoriya, kuma in ta kuskure tana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, tana kuma tsalle in ta bugi dutse. A ƙasar da kowane kwari yake da makiyayi da awakinsa a bayan ƙaya, wannan ba abin wasa ba ne a hannun mai koyo.

Saura zancen baki ɗaya ko biyu. Tsoho ya shiga ɗaki ya fito da tasa, ƙirar Simplex ta kamfanin Manufrance na garin Saint-Étienne a Faransa, mai baki ɗaya, gindinta ya yi sulɓi don tsufa. Ya karya ta, ya nuna wa baƙonsa cikinta wayam, sannan ya miƙa masa. Ya ce mai baki biyu tana koya wa yaro gaggawa, domin ya san akwai na biyu. Mai baki ɗaya tana tilasta shi ya matso, ya duba abin da ke bayan dabbar, ya yi bisimilla, sannan ya taɓa kunama. Kuma in an karya ta an rataya a hannu, kowa ya hango ya san ba ta iya tashi. Ya ƙara da murmushi: «Dabbar da ka raunata daga nesa ta je ta mutu a bayan dutse, dila ka yi wa aiki. Kai Mushe ne, kada ka zama mai yin mushe.»

Malamin ya zaɓi lamba 12 mai baki ɗaya, domin kartushinta ya fi sauƙin samu. Ya rubuta takardar neman izinin riƙe makami, ta tafi har Yamai, ya jira watanni. Ya nemi takardar farauta wurin ma'aikatan gandun daji. Kafin ya auna wani mai rai, sai da ya ɓata kartushi da dama a kan kwali a gaban tudun rairayi, har kafaɗarsa ta saba da tokari. Ya sa kafinta ya yi masa akwati mai kwaɗo, kartushi kuma a wani wuri dabam, nesa da hannun ƴaƴansa. Sai a ranar mai ɗakinsa ta daina zancen.

Fitarsu ta fari da tsohon, da sanyin asuba, barewa ta tsaya musu a bakin wani kwari, kusa ƙwarai. Tsoho bai ce uffan ba, kallon hannun malamin kawai yake. Bindiga na karye a hannunsa, a karye kuma ta zauna har barewar ta kaɗa wutsiya ta wuce. Sun komo da hantsi da zomo ɗaya.

A shekarar 2016, masu ƙidayar namun daji da suka kewaya yankin Termit da Tin Tumma da mota da jirgin sama, adaks uku kacal suka gani, farar dabbar nan ta hamada mai murɗaɗɗun ƙahoni. A lokacin tsohon ya riga mu gidan gaskiya, malamin kuma ya yi furfura. In wani matashin ma'aikaci ya zo ya tambaye shi lambar da ta fi kyau ga mai koyo, sai ya ɗora shayi, ya ce: «Ɗana, mi kake so ka harba?»